Kanwar da Na Kai Masar

Tun da na dawo daga Masar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, dandalin hirarmu, kafin a zuba kofin farko, wani zai ce, "To Mai Allura, ba mu labari." Wanda bai zo jiya ba yana so a faro daga farko, wanda ya zo yana so a maimaita masa wurin zomo. Bello kuwa, abokina Bafillace da na shekara talatin ina yi wa shanunsa allura yana kushe hannuna, tambayarsa ɗaya ce kullum: wai gaskiya ne ɗiyata ta kai ƙarata gaban Larabawa? Na gaji da amsa guntu-guntu. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni da shayina.

Sunana Abdu, amma daga Filinge har Sanam ba mai gane ni sai an ce Mai Allura, don aikin rigakafin dabbobi na yi har na aje. Ɗiyar da ake magana a kanta Balkisa ce, ta uku a ɗakinmu. Tun tana ƴar ƙarama take bina kasuwa, ina buɗe bakin rago don in faɗa wa mai saye shekarunsa, ita tana leƙawa tana ƙirga haƙora. Ashe abin ya shige ta. Ta yi karatun likitan haƙori, daga baya aka ba ta gurbin ƙarin karatu a wata jami'a a arewacin Masar. Shekara uku tana can ba ta zo gida ba, shi ya sa da ta ce in zo in ga aikinta ban tsaya shawara da kowa ba.

Ga aikin, yadda ta yi ta bayyana mini a waya har na gane. A cikin dasashi, wato naman da ke riƙe da haƙori, akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba. Ana yankar ɗan mitsitsin dasashi, a reni ƙwayoyin a cikin ƴan faranti har su yi yawa, sannan a dasa su inda nama ko ƙashin muƙamuƙi ya lalace, da fatan su taimaka wurin ya cike. Amma kafin a kusanci bakin ɗan Adam da su, sai an gwada a dabba. Ita Balkisa ba maganar warkarwa take bincike ba tukuna. Abin da take son sani shi ne ko suna cutarwa: wurin zai kumbura, zazzaɓi zai zo, jiki zai ƙi abin, ko wani ƙari zai tsiro? Kuma a kan tumaki take gwajin. Da na ji haka na ce a raina, ai in dai tumaki ne, malaminsu na nan tafe.

Maiɗakina Haua ta haɗa kaya sai ka ce ɗiyar a jeji take zaune: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kilishi, da jar kanwa dunƙule-dunƙule a cikin tsumma. Na ce mata jirgi yana da iyakar nauyin da yake ɗauka. Ta ce, "Hidda rigunanka ka aza kanwa. Yarinya shekara ukku ba ta sha miya ta ƙwarai ba." Na fid da riguna biyu.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Sai dai ranar ta faɗo ranar kasuwar Baleyara, motarmu ta maƙale tsakanin garken shanu da amalanken jakuna. Wani dillali Bazabarme da na sani ya hango ni ta taga, ya yi ta gaishe ni da "fofo, fofo," bai bar ni ba sai da na sauko na duba masa bakin wani rago da ake gardama a kansa. Mai ragon ya rantse shekararsa biyu. Na buɗe na ga haƙoran manya sun cika, har sun fara cinyewa. Na faɗi abin da na gani, mai ragon ya bi ni da harara, direba yana ta danna oda, na komo mota da warin rago a hannun sabuwar rigar da na ɗinka domin Masar. A Yamai na kwana biyu gidan ɗan ƙanena, matarsa ta wanke rigar sau biyu tana dariya.

Ban taɓa hawa jirgi ba, don Allah bai kira ni Makka ba tukuna. Na yi sa'a aka zaunar da ni kusa da wata Hajiya ƴar kasuwa daga Maraɗi, wadda ta saba da hanyar kamar yadda na saba da hanyar Damana. Ita ta ɗaure mini ɗamara, ita ta hana ni cire takalmi in naɗe ƙafa. An sauke mu a wata ƙasa don canjin jirgi. Can na ga wani dattijo da rawani, na yanke wa kaina cewa wannan Masar za shi, na bi bayansa har wata ƙofa mai nisa. Ina tsaye a layi sai na ji an ja mini riga ta baya.

"Malam, kai da ka bi shanu daji ba ka ɓace ba, cikin ɗaki za ka ɓace?" in ji Hajiya. Ashe layin wata ƙasa ce daban. Daga nan ban sake rabuwa da ita ba, na zama kamar ɗan akuya bayan uwarsa.

A filin jirgin Alƙahira aka buga mini hatimi ba wahala. Wurin ƴan duwan, masu binciken kaya, ne aka tsaya. Jami'in ya zuge jakata, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya. Ya ciro kilishi ya aje gefe, ya nuna mini da hannu cewa nama ba ya shiga. Ban yi gardama ba, don ni ma na san dokar, a kanta na ci abinci. Sannan ya kwance tsumman Haua ya ga duwatsu ja-ja. Fuskarsa ta sauya, ya kira wani babba. Faransancina bai yi amfani ba, Larabcina na allo kuma ba a koya mana sunan kanwa a ciki ba. Da na rasa yadda zan yi, sai na ɗauki ɗaya na lasa. Babban ya dube ni, ya ɗauka ya sunsuna, shi ma ya ɗan taɓa da harshe, sai ya fashe da dariya yana cewa "natrun, natrun!" Daga baya na ji cewa sunan kanwa ke nan a wurinsu, har suna da wani kwari da ake kira da sunanta. Ya ɗaure tsumman da kansa ya miƙo mini. Da na san abin da kanwar nan za ta jawo, da na roƙe su su riƙe ta su maido mini kilishina.

Balkisa na jirana a ƙofa. Ta rame kaɗan, ta sa tabarau. A tsakiyar wannan taron jama'a ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni kamar muna zauren gidanmu. Ba zan ɓoye ba, na yi ƙwalla.

Jirgin ƙasa ya kai mu garinsu. Duk hanya kore shar, ba ka ganin taƙin ƙasa da aka bari banza. Abin da ya fi tsaya mini a rai ɓauna ce. Ɓaunar da muke jin labarin mafarauta na gudunta, can tsohuwa ke janta da igiya, ana tatsarta safe da yamma. Har yau Bello bai yarda ba, ya ce jirgi ne ya juya mini kai.

Masaukinta ɗaki biyu ne a hawa na biyar, ba tsakar gida, ba inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya ga sama. Matan gidan ba sa sauka sayen burodi. Kwando suke zurarawa da igiya daga bene, mai burodi ya zuba, su jawo, kamar yadda muke jan guga. Ranar farko ina tsaye a ƙasa wani kwando ya sauko ya zauna mini a hula, na ɗaga kai na ga wata mata tana ba ni haƙuri da hannu biyu. A rufin gidan da ke kallonmu akwai awaki da tantabaru, na daɗe ina tunanin yadda aka hau da su. Gaisuwarsu ma daban ce. Mu sai mun tambayi gida, gajiya, bisashe da labarin ruwa. Su kana cewa ina kwana, sai a ce maka safiyar haske, safiyar furanni, maza kuma su sumbaci juna a kumatu. Wani maƙwabci ya matso zai yi mini haka, na miƙa masa hannu biyu da sauri.

Abinci kuwa, wake ne da safe, dafaffe lugub da mai. Burodinsu faffaɗa ne kamar faifai, kuma da shi ake cin komai. Fura babu ko labarinta. Rana ta uku matar gidan da ke hawa na ƙasa ta gayyace mu, aka kawo wata koriyar miya mai yauƙi. Ina kai loma na gane ta, lalo ce, wadda a Yamai ake ce wa malohiya. Na yi murna kamar na gamu da ɗan garinmu. Ina cikin ci na tambayi Balkisa naman mene ne a ciki, ta ce zomo. Hannuna ya tsaya a iska, don na taɓa ji ta ce wasu abokan aikinta a kan zomaye suke nasu gwajin. Ta gane abin da ke raina, dariya ta kusa shaƙe ta. Ta ce dabbar gwaji ba ta shiga tukunyar kowa, wannan daga kasuwa yake. Na ci gaba da ci, amma ban ƙara nama ba. Man da ke cikin abincin nan shi ya tayar mini da ƙwannafi, sai na ɓalli kanwa kamar ƙwan zabo na sa a aljihu, ina ɗan lasa in ya taso.

Kafin a bar ni shiga wurin aikinsu sai da Balkisa ta nemi izini a rubuce. Ta ce ubanta ma'aikacin dabbobi ne, ta sa hannu cewa duk abin da na yi a wuyanta yake. Aka sa mini farar riga a kan tawa, da hula kamar ta masu tuya, na taka ruwan magani da takalman roba. Ta fara kai ni ɗakin ƙwayoyin. Suna cikin wani akwati mai ɗumi kamar jikin mutum, a cikin faranti da ruwa ja-ja wanda shi ne abincinsu. Ta sa ni na leƙa ta madubin ƙara girma, na ga abubuwa sirara kwance gefe da gefe kamar tsabar shinkafa. Amma ni ba su na fi kallo ba. Ita nake kallo, yadda take juya harshe daga Larabci zuwa Ingilishi, yadda masu furfura ke tsayawa su tambaye ta suna ce mata Doktora. Kaina ya yi girma har na ji hular ta matse ni.

Daga nan sai garken. Mai kula da shi wani dattijo ne da ake kira Ammu Sayyid. Ba ma jin harshen juna, amma da ya ga yadda na tsaya ina duban tumakin ya gane ɗan'uwansa ne a sana'a. Tumakin gajeru ne, masu jela faffaɗa cike da kitse, uda ɗaya tamu ta fi su tsayi nesa. Ba su da suna, lamba ce a kunnen kowace. An yi wa kowace ɗan aiki a dasashi bayan an sa ta barci, an ɗinke. Rabinsu an dasa musu ƙwayoyin, rabi ruwan gishiri kawai aka sa musu. Abin da ya ba ni mamaki, Balkisa ba ta san wacce ce wacce ba, Ammu Sayyid ma bai sani ba. Amsar tana cikin takarda a rufe a hannun furofesansu, ba a buɗewa sai an gama, ko in wata ta kamu da ciwon da ba a san dalilinsa ba. Na ce wannan wane irin kiwo ne, makiyayi bai san abin da aka ba dabbarsa ba? Ta ce da gangan ne, don in ta sani za ta riƙa ganin abin da take so ta gani.

Komai a aune yake. Ana auna abinci, ana auna ruwa, ana duba zafin jiki kullum, ana ɗibar jini lokaci-lokaci, har kashinsu ana dubawa. Duk a rubuta a wani babban littafi da take kira kaye. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce mini, "Baba, ka duba da ido. Kak ka taɓa, kak ka ba su komi." Na ce na ji.

A zuwana na uku aka kira ta waya a wani ɗaki, Ammu Sayyid kuma ya fita ɗauko ciyawa. Na rage ni kaɗai da tumaki. Sai na ga mai lamba tara tana lasar ƙarfen shinge, ta koma tana gugar bango da baki. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Kurfai ya san wannan, dabba ce ke neman kanwa. A wurinmu mutumin da zai ga haka ya wuce da kanwa a aljihunsa, ba a ce masa mai tausayi. Hannuna ya riga tunanina. Ban ɗauke ta abinci ba, ban ɗauke ta magani ba, kanwa ce kawai. Na aje dunƙulen a kusurwar kwami da nufin ta riƙa lasa a hankali. Kafin in juya ta gurgura shi tas. Abu biyu na manta: tunkiyar nan ba ta saba da kanwa ba, kuma akwai ɗinki a bakinta. Na fito ina jin daɗi kamar na yi sadaka.

Washegari da azahar Balkisa ta dawo gida fuskarta ba daidai ba. Na zuba mata abinci ba ta taɓa ba.

"Baba, lamba tara ba ta lahiya," ta ce. "Zawo takai, ta ƙi abinci, ruwa kawai taka sha. Wurin ɗunkin ya yi ja, ya kumbura. Jinin da munka ɗiba ma bai yi daidai ba."

"To mi za a yi?"

"In ba a gano dalili ba, gobe furofesa za shi buɗe takarda. In tana cikin waɗanda anka dasa ma ƙwayoyin, za a tsaida aikin dut sai an bincika. Ana iya cewa in koma hwarko."

Shekara uku na ɗiyata ne nake gani suna zubewa saboda abin da bai fi ƙwan zabo ba. Na ture kwano na ce, "Kanwa ta, Balkisa. Ni na ba ta jiya."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da na fi jin sauƙi. Ta tambaye ni girman dunƙulen da lokacin da na ba ta, na faɗa. Sai na yi abin da na fi jin kunyarsa a duk tafiyar. Na tuna ita ta sa hannu a kaina, na ce bari in rufa mana asiri.

"Zawon kanwa kwana biyu na," na ce. "A ba ta ruwa da yawa, a wanke bakin, jibi za ki ishe ta tana tuƙa. Ki roƙi furofesa shi jinkirta kwana biyu. Ba wanda za shi sani."

"In ta warke munka yi shiru, mi za a rubuta, Baba? Za a rubuta ta kumbura ba a san dalili ba. In ƙwayoyin ag gare ta, mun aza musu laihin da ba su yi ba. In kuma na saba ɓoye abin da bai yi mani daɗi ba, ran da za su yi ɓarna da gaske wa za shi yarda da kayena? Abin ga bakin mutane aka son sa shi." Sannan ta ce, "Kai ka koya mani a kasuwa. Abin da ka gani bakin rago shi kaka hwaɗi, ko mai ragon na hararakka."

Ta tashi ta ɗauki mayafi, ta ce in sa hula. A ranar muka koma. A gabana ta buɗe kayen ta rubuta, sannan ta wuce gaba ina biye har ofishin furofesa.

Tsoho ne siriri, kuma ya iya Faransanci, don haka ba mai fassara tsakaninmu da zan ɓuya bayansa. Balkisa ta faɗi komai a tsaye, ta ƙara da cewa laifinta ne da ta bar baƙo shi kaɗai a garke. Ya karanta shafin, ya aje. Ni da na shekara talatin ina yi wa makiyaya faɗa a kan sakaci, na tsaya tsuru-tsuru da hula a hannu.

"An ce kai ma'aikacin dabbobi ne," ya ce. "Me ka gani har ka ba ta?"

Na bayyana masa lasar ƙarfe da gugar bango, da abin da muke yi a ƙasarmu in mun ga haka. Ya gyaɗa kai.

"Idonka bai yi kuskure ba, hannunka ne ya yi. Da ka faɗa mana, da mun auna mun ba su duka daidai, mun rubuta. Abin da aka ba kowa aka rubuta ba ya ɓata gwaji. Wanda aka ba ɗaya a ɓoye shi ke ɓatawa."

Sannan ya yanke hukunci, kuma bai sassauta ba. Za a yi wa lamba tara magani a ci gaba da dubanta, amma an fid da ita daga cikin waɗanda za a yi hukunci da su. Za a kawo wata tunkiyar a fara da ita tun daga farko, wanda ke nufin aikin Balkisa ya ƙaru da watanni, Layyar da ta yi wa uwarta alkawarin yi a gida ta wuce ke nan. Rahoton zai je gaban kwamitin da ke sa ido a kan dabbobin gwaji da sa hannunta. Ni kuma ƙafata ba za ta sake taka garken ba. Amma takardar nan ba a buɗe ta ba, aikin kuma ba a tsaida shi ba. Na ga Balkisa ta sauke numfashi.

Muna fita ya kira ni ni kaɗai a bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗalibai da yawa sun kawo mini sakamako mai kyau. Ban taɓa ganin wanda ya kawo mini ubansa ba." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

A kwana na uku tunkiyar ta koma tuƙa, kumburin ya saɓe. Ammu Sayyid ya aiko mini da gaisuwa ta bakin Balkisa, ya ce a gaya mini an rataya wa kowace dutsen lasa iri ɗaya, an kuma rubuta. Sauran kwanakina a bene na yi su, ina kallon kwanduna suna hawa da sauka, da yamma ina yi mata miyar kuka da abin da ya rage na kanwar. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Ni ne ranar da zan taho na roƙe ta abu guda, hoton shafin nan na kaye. Ta nemi izinin furofesa ta kawo mini. Da Ingilishi yake, ta karanta mini a tashar jirgin ƙasa: dalili, kanwa, wanda ya bayar, baƙon da na shigo da shi, mahaifina.

Na iso Filinge da la'asar, ban ko gama wanke ƙafa ba na faɗa wa Haua cewa ɗiyarta ba za ta zo Layya ba, na kuma faɗi dalili. Ta aje ludayi ta ce, "Ni ce maka na yi ka kai ma yarinya kanwa. Ban ce ka kai ma tumakin Larabawa ba." Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. A na uku ta ce in ciro takardar in sake faɗa mata abin da ke ciki, ta saurara, ta share ido da bakin zane, ta ce in aje ta cikin akwatin da nake aje takardun aikina. Can take yanzu, a saman dukansu.

To Bello, ga amsarka a rubuce, ko da yake na riga na ba ka ita a fada. E, ɗiyata ta kai ni gaban Larabawa. Ranar da ka tambaye ni ko ban ji kunya ba, na ce maka na ji, har yau ina ji. Sannan na buɗe baki na nuna wa kowa haƙorana na ƙasa da suka fara girgiɗi, dasashin ya janye ya bar su tsirara. Ban sani ba ko aikin nan zai kai ga mutane. Balkisa da kanta ta ce da sauran tafiya mai nisa, kuma ana iya gano bai dace ba a bar shi. Amma na ce muku duk ran da ta ce an gwada ba ya cutarwa, ni ne na farko da zai buɗe baki, don wadda ba ta rufa wa ubanta asiri ba, ba za ta rufa wa magani ba.

Bello bai yi dariya ba ranar. Ya sa yatsa ya taɓa nasa haƙorin da ke motsi, ya ce, "In ta zo, ka ce mata ni ab bayanka."